Grenadier ko Land Cruiser 250: halin da kowacce ke nunawa a watan farko

Malam, na ga tambayarka. Ka ce hankalinka ya rabu tsakanin Ineos Grenadier da Toyota Land Cruiser 250, wadda a wasu ƙasashe ake kira Prado, kuma ba lissafin takarda kake nema ba. So kake ka ji yadda kowacce take a makonnin farko bayan an miƙa maka makulli, da abin da za ka zaci lalacewa ce alhali haka aka ƙera ta. To bismillah.

Daga nesa kamar 'yan gida ɗaya ne. Dukansu bodi ne da aka ɗora a kan shasi mai siffar tsani, ƙafafu huɗu na ja a kowane lokaci, akwai ƙaramar giyar ƙarfi ta hawan dutse da fita daga laka, ga giya mai canja kanta, takwas a yawancin nau'o'i, kuma masu shan dizal ɗinsu suna jan tirela mai nauyin kilo 3,500. Sai dai kama da wane ba wane ba ne. Grenadier ta samo asali ne daga kewar tsohuwar Defender, wadda Land Rover ya daina ƙerawa a Janairun 2016. Jim Ratcliffe, attajirin Ingila mai kamfanin sinadarai na Ineos, shi ya ce sai an yi wata irinta, aka fara ƙera ta a 2022 a Hambach ta ƙasar Faransa. Ita kuwa 250 an nuna ta ne a Agustan 2023, a kan tushe ɗaya da yayarta Land Cruiser 300. Ɗaya baya ta waiwaya da gangan, ɗayar kuma so take ta shiga daji ba tare da ta gajiyar da kai a kwalta ba. Kusan duk abin da zan faɗa daga nan ya fito.

Sitiyari shi ne abin da zai fara ɗaure maka kai, tun kafin ka yi kilomita ɗaya. A Grenadier, musamman ƙirar da ta fara fitowa, idan ka sha kwana ka sassauta hannu kana jiran sitiyari ya zame ya koma tsakiya kamar yadda ka saba, ba zai koma duka ba. Kai za ka mayar da shi da hannunka. A waccan ƙirar ta farko, daga ƙarshen dama zuwa ƙarshen hagu ya kusa zagaye huɗu, 3.85, kuma tana bukatar fili mai faɗin mita 13.5 kafin ta juya kai a karo ɗaya. Wato inda ƙaramar mota za ta juya ta wuce, kai sai ka ja baya ka sake shiga. A miƙaƙƙiyar kwalta ma hannunka ba ya hutawa, kana ɗan gyara mata zama dama da hagu. Masu sabuwar mota da dama a nan suke garzayawa gareji a duba musu alaimen, makanike ya auna ya ce lafiya lau. Dalili shi ne irin akwatin sitiyarin da aka sa mata, mai ƙwallayen ƙarfe da ke zagayawa a ciki, irin na manyan motoci, wanda kuma za ka tarar a Suzuki Jimny da Jeep Wrangler da Land Cruiser 70. Amfaninsa sai taya ta daki dutse ko kututture ake ganewa: dukan ba ya isowa hannunka da ƙarfi, sitiyari ba ya fizgewa ya murɗe maka babban yatsa. Ka biya a kwalta, ka karɓa a daji.

A 250 labarin daban ne. Ita ce Land Cruiser ta farko da aka sa wa sitiyari mai taimakon lantarki, don haka yana da sauƙi a wurin fakin, yana komawa tsakiya da kansa, ba sai ka koyi komai ba. Nata halin a wani wuri yake: tunda lantarki ke taimakonsa, kwamfutar motar na iya sa masa hannu. Ka matsa kusa da layin titi ba ka kunna sigina ba, sai ka ji an ɗan ja sitiyarin kamar wani ne a gefenka ya taɓa. Ranar farko abin na da ban tsoro, kuma wanda ya shekara ashirin yana tuƙi ba ya son a gyara masa hannu.

Sai ƙafafu. Grenadier aksul ɗin ƙarfe guda, wato sandar da ke haɗa tayar dama da ta hagu, take da shi gaba da baya, ƙirar Carraro na Italiya, kamfanin da aka fi sani da aksul ɗin tarakta. Idan tayar dama ta hau tudu, aksul ɗin na danna ta hagu ƙasa, sai ƙafafun su ci gaba da riƙe ƙasa a wurin da wata motar za ta ɗaga ƙafa ɗaya tana wulwula iska. Tsakanin cikinta da ƙasa milimita 264 ne, kuma tana ratsa ruwa mai zurfin milimita 800. Amma a kan gargada, ko ramin da taya ɗaya kawai ta faɗa, girgizar na ratsawa zuwa ɗaya gefen, sai ka ji kanka yana rangaji. Ita 250 aksul guda a baya kawai yake, gaban kowace taya zaman kanta take yi. Shi ya sa ta fi kwanciya a burji idan ana gudu, kuma fasinja na iya barci. Don ta rage giɓin da ke tsakaninsu a kan duwatsu, an yi wa wasu nau'o'inta maɓallin da ke sakin sandar da ke ɗaure ƙafafun gaba, su sami damar miƙewa. Ruwan da take ratsawa milimita 700 ne. Ni dai a ganina wannan tazarar ta santimita goma ba ita za ta raba muku gardama ba, domin wanda ya kai ruwa har can ya riga ya yi ganganci.

Inji kuwa kunnenka zai gaya maka. Grenadier injin BMW take ɗauke da shi, lita 3.0, silinda shida a jere, na dizal ko na fetur. Silinda shida a jere da kansu suke daidaita girgizar juna, shi ya sa yake tafiya sumul. Na dizal ɗin ƙarfin doki 249 ne, amma nauyin da yake ja ya haura tan biyu da rabi, don haka kada ka sa ran tankin nan mai lita 90 zai daɗe kamar yadda girmansa ya nuna. Dizal ɗin 250 lita 2.8 ne, silinda huɗu, ƙarfin doki 204, dangin wanda ke cikin Hilux. Da sanyin safiya yana da 'yar ƙara irin ta motar aiki, idan ka taka totur a hawa kuma za ka ji yana faɗa maka cewa aiki yake yi. Ba ciwo ba ne. A Amurka ma ba dizal suke samu ba, injin fetur ne lita 2.4 haɗe da batir.

Akwai abin da duk masu dizal ɗin zamani suke yi wanda ke tayar da hankalin sabon mai mota. Wata rana ka tsaya sai ka ji wari kamar ƙonewa, injin ya ɗan ɗaga murya, fanka na ta juyawa. Matatar toka ce da ke cikin salansa take ƙone abin da ta tara. Idan kullum gajeriyar tafiya kake yi kana kashe mota kafin ta gama, matatar za ta toshe, fitila ta kama. Maganin shi ne a ba ta doguwar hanya lokaci-lokaci, a kuma kula da tsabtar man da ake zuba mata, domin dizal mai yawan sulfa gaba yake da wannan matata. Inda motar ke da tankin AdBlue, ruwan da ke rage gubar hayaƙin dizal, kada ka bari ya ƙare ƙaf, don idan ya ƙare ka kashe inji, ba za ta tashi ba.

Cikin gidan ne ya fi raba su. Ka zauna a Grenadier ka duba bayan sitiyari neman malejin gudu, babu shi, sai ɗan allon fitilun gargaɗi. Gudunka yana can a allon tsakiya, sai ka riƙa satar kallo gefe. Kwana uku ido ya saba. Sama da kanka kuma ga jerin maɓallai kamar a jirgin sama, na kulle difarenshal (abin da ke barin tayoyi su juya da gudu daban-daban a kwana) na gaba da na baya idan an sa mata su, da na shiga ruwa, da waɗanda aka riga aka ja musu waya suna jiran ka ƙara fitila ko injin jan igiya. Manya ne, an yi su don mai safar hannu. Makulli ake murɗawa, birkin hannu kuma sanda ce da ake ja. A kan sitiyari akwai wani jan maɓalli, ƙaramin hon ne mai taushin murya don mai keke ko mai tafiya a ƙasa, kada ka razana shi. Wannan kam ya burge ni. Abin da za ka bincika kafin ka biya: a mai sitiyari a dama akwai tudu a inda ƙafar hagun direba ke hutawa, saboda hanyar da salansa ya bi, kuma dogon mutum yana jinsa a gwiwa a doguwar tafiya. A mai sitiyari a hagu, fasinja ne ke zama da tudun.

A 250 komai yana inda ka zata. Abin da za ka leƙa shi ne but. A nau'o'in da ke da ƙarin batir, kamar na Ostareliya mai bolt 48, batirin yana ƙarƙashin daɓen but, sai daɓen ya tashi sama, loda kaya mai nauyi ya zama aikin baya. Ƙofar bayan a yawancin kasuwanni sama take ɗagawa, safayar taya na ƙarƙashin mota, wurin da laka ke fara binnewa idan ka kafe. Ta Grenadier a jikin ƙofa take, ƙofar kuma biyu ce, ƙarama da babba, sai dai tayar na cin rabin abin da madubin tsakiya zai nuna maka. Idan kuma an yi motar don kasuwar Turai ce, kowacce daga cikinsu za ta riƙa yi maka ƙara duk sanda ka wuce iyakar gudu, domin tun Yulin 2024 doka ce a can, kuma ko ka kashe, da ka sake tayar da mota za ta dawo.

Bari in ba ka labarin wautata, don kada ka maimaita. A wata motar da na taɓa riƙewa, na fito daga yashi na hau kwalta ban saki makullin difarenshal na tsakiya ba. Na zo shiga fakin, na karya sitiyari, sai mota ta riƙa turjewa, tayoyi na kurɓ-kurɓ kamar ana jan ta da birki, sandar kuma ta ƙi motsi ko da na sa hannu biyu. Zuciyata ta ce giya ta tafi. Ashe ƙafafun gaba da na baya ne aka tilasta wa gudu ɗaya a wurin da babu santsin da zai sauke ƙarfin. Na miƙe sitiyari, na ja baya 'yan mitoci, sandar ta saki da kanta. Duka motocinka biyu suna da wannan makulli, a Grenadier sanda, a 250 maɓalli, kuma fitilarsa kan yi ta ƙiftawa har sai haƙoran sun shiga ko sun fita. Ka bar motar ta gangara a hankali, kada ka yi kokawa da ita. Haka nan ranar da ka karɓe ta, auna iskar taya ka gwada da takardar da ke manne a jikin ƙofar direba. Sau da yawa ana jigilar sabuwar mota da iska fiye da ƙima, idan aka manta ba a rage ba sai ta riƙa tsalle tana yawo, ka ɗora wa shokazoba laifin da ba nasa ba.

Wanda ba hali ba ne, wanda za ka mayar tun garanti na da rai: ɗigon mai a inda ta kwana, ja zuwa gefe ɗaya a shimfiɗaɗɗiyar hanya, sitiyari ya kama karkarwa mai ƙarfi bayan ka daki rami har sai ka rage gudu, danshi a ƙarƙashin kafet bayan ruwan sama, ko fitilar gargaɗi da ta ƙi mutuwa.

Idan ni ne kai, kuma kwana shida cikin bakwai a kwalta nake da iyali a baya, 250 zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba, balle ma makanikan da suka san injinta da kayan gyaranta sun fi yawa nesa ba kusa ba. Grenadier ta wanda daji ne wurin aikinsa ce, wanda kuma ya tabbatar akwai mai duba masa ita a inda zai iya kaiwa. Kafin ka yanke, ka roƙi a ba ka kowacce na awa guda, ba zagayen minti goma ba. Ka shiga shataletale sau biyu, ka juya kai a matsattsen titi, ka yi fakin da baya, sannan ka hau babbar hanya na rabin awa rediyo a kashe, ka lura da abin da kafaɗunka da ƙafarka ta hagu suke gaya maka.