Hoton wuya a wani asibitin kuɗi a Katsina

Awon hawan jini ya kai ni, amma yarinyar da ke bakin kanta ta yi ta tallar sikanin wuya har na biya. Lafiyata ƙalau, ba kumburi ba ciwo. Hoto ya nuna ɗan ƙulli a maƙogwarona, bai kai ƙwayar wake ba.

Gida ya rikice. Goggo ta ce a yanke kawai, wai ba a kwana da maciji a ɗaki. Inna kuwa ta ce in rufa wa kaina asiri kada dangin miji su ji an ambaci sankara, ta aiko min da rubutu. Sati biyu ban yi barcin kirki ba.

Likitan ne ya sa nake yaba wurin. Ya zaunar da ni, ya ce: "Hajiya, galibin irin waɗannan ƙulle-ƙulle ba sa cutarwa." Ya ba ni labarin Koriya ta Kudu, inda aka yawaita wannan hoto: a 2011 masu sankarar thyroid (wata ƙwaya da ke gaban maƙogwaro) da aka gano sun ninka na 1993 sau 15, amma adadin masu mutuwa bai sauya ba. Da yawa aka cire musu ƙwayar, suka koma shan magani har ƙarshen rayuwa. A Japan kuwa, asibitin Kuma tun 1993 yake sa ido kan ƙananan ƙulle-ƙullen wannan sankara maimakon gaggawar tiyata.

Ya ce in dawo bayan shekara. Wurin akwai tsabta, layi ba tsawo. Tallar nan ta bakin kanta ce har yau take ci min rai.