Kitsattsen zaren fatsa: yadda muka kwashe da shi a shekara guda

Na daɗe ina jifa da zaren nailan, kuma da ba don abu guda da ya ishe ni ba, da har yau shi ne a kan injin naɗin zarena. In kifi ya taɓa ƙugiya daga nesa, kamar mita 40 ko fiye, sai in fizgi sanda iya ƙarfina, amma ƙarfin ya ƙare a hanya. Nailan miƙewa yake kamar danƙo, wani yakan ƙara kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsawonsa kafin ya tsinke. Fizgar da na yi a nan, kafin ta isa can ta zama ɗan taɓi, kifi ya tofar da ƙugiya ya kama gabansa. Wannan ya sa bara na sayi kitsattsen zare mai sili 8, tsawon mita 150, mai lambar kauri PE 1.5, na ɗora a kan injin naɗi matsakaici. Yanzu shekara ta zagayo.

Ga wanda bai taɓa riƙe shi ba, siraran sili ne na wata irin roba mai ƙarfin gaske, aka kitsa su wuri guda kamar yadda ake kitson gashi. Sunaye biyu za ka fi gani a jikin kwali: Dyneema, wanda kamfanin DSM na ƙasar Holan ya fito da shi, da Spectra, wanda kamfanin Honeywell na Amurka ya daɗe yana yi. Asalinsu ɗaya ne. Ko ka ɗauki PowerPro, ko Sufix 832, ko J-Braid na Daiwa, mafi yawan bambancin yana wajen yawan sili, da tsaurin kitso, da abin da aka shafa wa zaren a waje.

Jifan farko na san na shiga wata duniya. Zaren kusan ba ya miƙewa ko kaɗan, don haka duk abin da ya faru a ƙarshensa yana zuwa tafin hannunka kai tsaye. Ina jin lokacin da darma ta sauka a yashi, ina jin in ta hau tsakuwa, ina bambance ganyen da ya maƙale wa ƙugiya da ɗan kifin da ke tsakurarta. Kwana biyun farko har fizgar banza na riƙa yi, domin kowane dutse ji nake kifi ne. Nisan jifa ma ya ƙaru sosai saboda sirantarsa. Zare mai ɗaukar laba 20, wato kimanin kilo 9, kaurinsa bai wuce na nailan mai laba 6 ba. Kuma ba ya riƙe lanƙwasar kwarkwaro, ba ya fitowa a murɗe kamar yadda tsohon nailan ke yi in ya daɗe a naɗe.

Kafin in saya, na yi ta jinkiri tsakanin mai sili 4 da mai sili 8. Daga baya na ɗora mai 4 a kan wani injin, na gwada su kafaɗa da kafaɗa. Mai 8 ya fi santsi, ya fi zama kewayayye, yana ratsa zobban sanda shiru, kuma ya fi nisa. Mai 4 yana da kaushi, in kana naɗewa kana jin yana zuga a zobba kamar goge, amma kowane silinsa ya fi kauri, shi ya sa ya fi jure gogayya, kuma yana yanka ciyawar ruwa kamar zarto. A buɗaɗɗen ruwa mai 8 nake ɗauka ba tare da tunani ba. Inda ciyawa ta cika ko itatuwa suka nutse, mai 4 ya fi kwantar mini da hankali.

Lambobin jikin kwali kuwa, kada ka ɗauke su kamar yankan wuƙa. Wani kamfani ya rubuta laba 20 a zaren da ya fi na wani kamfani mai laba 30 kauri. Abin da ya fi taimaka mini shi ne lambar PE ta Japan, domin ita kauri take aunawa: PE 1 kimanin milimita 0.165 ne, PE 1.5 kimanin 0.205, PE 2 kimanin 0.235. Da kauri nake zaɓa yanzu, sannan in leƙa lambar laba.

Wahalata ta farko ni na jawo wa kaina. Na ɗaura zaren kai tsaye a jikin kwarkwaro na naɗe shi tsaf. Da kifin farko ya kama, ina juya hannun inji zare ba ya shigowa. Na ɗauka birkin ne ya lalace, na matse shi har ƙarshe, ba abin da ya sauya. Ashe gaba ɗaya curin zaren ne ke juyawa a kan ƙarfe saboda santsi. Maganin ba wuya: ka fara naɗa 'yan mitoci na nailan a ƙasa, ka haɗa kitsattsen a kai, ko ka manna ɗan salatif a jikin kwarkwaron. Ka naɗe shi da tsauri, kana matse shi da jiƙaƙƙen tsumma, kuma ka bar kamar milimita 2 tsakaninsa da bakin kwarkwaro. Na cika nawa maƙil a karo na biyu, sai ga ƙullin iska, wannan cukurkuɗewar da ke fitowa a tsakiyar jifa. Na yi asarar kusan mita 15 kafin na koyi rufe bakan ƙarfen inji da hannu, da ɗan jan zare ya miƙe kafin in fara naɗewa.

Sai maganar lida, wato guntun zaren da ake haɗawa a gaba tsakanin kitsattsen da ƙugiya. A nan ne aikin yake.

Watan farko ban sa lida ba. Na ga zare mai ƙarfi haka, me zan ƙara masa? Rannan wani babban kifi ya ja ni zuwa gefen dutse, ban ji ko fizga ba, sai kawai zare ya saki. Na naɗo shi, bakinsa ya yi buzu-buzu kamar tsohuwar tsintsiya. Kitsattsen zare gwani ne wajen ja a miƙe, amma in yana ɗaure tamau ya gogi kaifin dutse, silin nan ɗaya bayan ɗaya suke tsinkewa cikin ƙiftawar ido. Ga shi kuma ba ya ɓuya, a ruwa mai haske ana hango shi kamar an ja layi da alli. Sannan rashin miƙewar da na yaba, ita ce dai ke yage ƙugiya daga bakin kifi in ya girgiza kai a kusa da kai. Lida tana rage duka ukun.

Na gwada iri biyu. Fulorokabon, wani zaren roba mai kama da nailan a ido, wanda kamfanin Kureha na Japan ya fara fitarwa a matsayin zaren kamun kifi da sunan Seaguar a 1971, ya fi tauri, ya fi jure dutse, kuma yana nutsewa da sauri domin ya fi ruwa nauyi sosai. Yadda haske ke ratsa shi ya fi kusa da na ruwa fiye da nailan, shi ya sa ake cewa kifi ba ya ganinsa. Ni dai ba zan rantse a kan wannan ba, amma a ruwa garau na fi samun cizo da shi. Nailan ya fi laushi, ya fi sauƙin ƙullawa, kuma ba ya jan kan kifin roba, wato kifin bogi mai ƙugiya da ake yaudarar kifi da shi, mai yawo a saman ruwa zuwa ƙasa. Don haka in a sama nake wasa, nailan. In a ƙasa kusa da duwatsu, fulorokabon. Kifi mai haƙora irin su tsage kuwa ba ruwansa da wannan muhawara, siririyar waya kawai ke tsayar da shi. Tsawon da na saba sawa tsakanin mita 1 ne da 1.5, kuma nakan so lidar ta ɗan gaza babban zaren ƙarfi, don in ƙugiya ta maƙale a ƙasa, ita ta tsinke, kada in bar dogon zare a cikin ruwa.

Duk kifin da ya kuɓuce mini daga wata na biyu zuwa na huɗu, a ƙulli ya kuɓuce. Ƙullin da na saba yi wa nailan shekara da shekaru, wanda ake murɗa zare sau biyar a zura bakinsa, a kan kitsattse zamewa yake kamar an shafa masa mai. Za ka gane haka in ka ga bakin zaren ya dawo a nannaɗe kamar jelar alade.

Na fara da ƙullin yuni mai biyu. Ka jera zaren biyu gefe da gefe, kowanne ya yi wa ɗan'uwansa zarge, sai ka ja su haɗu su tokari juna. A ɓangaren kitsattse nakan zagaya sau 8, a ɓangaren lida sau 4 ko 5. Yana da sauri, ana iya yinsa ko magariba ta yi, ko iska na kaɗawa. Aibinsa ƙato ne. In lida ta yi tsawo har ƙullin ya shiga zobban sanda, kowane jifa kana jin ƙas-ƙas, kuma wannan bugun yana cinye shi a hankali.

Daga nan na koma ƙullin FG, kuma gaskiya ya ba ni wuya. Sati biyu ina zaune da daddare ina ɓata zare. Dabararsa ita ce lidar ba ta lanƙwasa ko kaɗan, kitsattsen ne ke saƙa kansa a jikinta. Za ka ɗaure kitsattsen ya miƙe tamau, ni da haƙori nake riƙe bakinsa, sanda kuma ta jingina nesa da ni. Sai ka gitta lidar a kai, ka riƙa zagaya ta ta sama da ta ƙasa, dama da hagu, kamar sau 20, kowane zagaye ya kwanta kusa da na baya ba tare da ya hau shi ba. Ka kulle da ɗan ƙaramin ƙulli biyu. Sannan matakin da na riƙa tsallakewa har ya jawo mini asara: ka jiƙa shi, ka naɗe zaren biyu a jikin itace ko safar hannu, ka ja da ƙarfin gaske har ka ga launin saƙar ya sauya ya yi duhu. Wannan ce alamar ya ciji lidar. In bai sauya ba, zai zare a kan kifin farko. Bayan nan ka yanke ragowar lidar dab da saƙar, ka ƙara ƙananan ƙulli huɗu zuwa shida a kan kitsattsen shi kaɗai. Jiƙawar ba ado ba ce, robar da aka yi zaren da ita tana narkewa a wajen digiri 145 na ma'aunin Celsius, zafin gogayya kaɗai ya isa ya raunana ta.

Tun da hannuna ya faɗa, FG bai taɓa kwance mini ba, kuma yana wuce zobba ban ma ji ba. Sharaɗinsa dai lida ta fi kitsattsen kauri, in sun yi kusan daidai ba ya samun abin cizo. A gida nake ɗaura shi kafin in fita. In ya tsinke a bakin ruwa, ba na jin kunyar komawa yuni. Ranar da na ɗaura ƙugiya kai tsaye a kitsattse, kamar cikin ciyawa mai kauri, ƙullin Palomar nake yi, shi ba ya zamewa.

Kada ka taɓa naɗe zaren nan a yatsa ka ja. Ina da tabo a ɗan alina da ke tuna mini. Almakashin gida ma tauna shi yake, sai ka nemi mai ƙananan haƙora. In sandarka tsohuwa ce mai zobban ƙarfe zalla, duba su, zaren zai iya yi musu gurbi. Zobba masu tangaran a ciki ba su da wannan matsala. Launi kuma yana koɗewa, nawa kore ne shar da farko, yanzu mitocin gaba sun yi fari-fari. Ƙarfinsa bai tafi da launin ba, sai inda ya yi gashi, nan nake yankewa.

Zan sake saye? Ƙwarai. Amma wanda ke ajiye ƙugiya da tana kusa da gaɓa yana jira, nailan ya ishe shi, ba sai ya ɗora wa kansa koyon ƙulli ba. Mai jifa da kifin roba, ko mai neman nisa da zurfi, shi zai ci moriyarsa. Nawa ma bai kai ga sauyawa ba tukuna. Makon jiya na warware shi na juya, ɓangaren da ke ƙasa bai taɓa ganin ruwa ba ya dawo sama, kore shar, na ɗaura masa sabuwar lida ta fulorokabon mai laba 15.