Gargaɗi ga masu Hilux da Land Cruiser a Maradi kan damfarar gyaran yoyon mai

Jama'a masu motocin shiga rairayi, musamman masu jigila tsakanin Maradi, Dakoro da Bermo, da masu ratsa ƙauyukan Mayahi da Tasawa, ina jan hankalinku game da wata damfara da wasu masu kiran kansu makanikai suke yi da sunan gyaran yoyon mai tsakanin buwat, wato akwatin giya, da taransifa. Ba zan kama sunan kowa ba, domin yawancin masu gareji a garin nan mutanen kirki ne, sai dai wake ɗaya ne ke ɓata gari.

Taransifa ita ce ƙaramin akwatin da ke ɗaure a bayan buwat, wadda ke raba ƙarfin inji tsakanin ƙafafun gaba da na baya. Kowane akwati yana da nasa man, kuma abin da ke hana su gauraya shi ne juwan, wato zoben roba da ke kewaye da sandar ƙarfen da ta haɗa su. Idan zafi da tsufa suka busar da shi, wani lokaci man yakan ɗiga a mahaɗar, amma sau da yawa ba ya zuba ƙasa ko kaɗan, sai ya riƙa tsallakawa daga wannan akwati zuwa wancan, ɗaya ya cika ya batse, ɗayan kuma ya ƙafe har haƙoransa su fara cin juna. A mota mai canza giya da kanta, jan man buwat ne ke gudu zuwa taransifa, giya ta soma zamewa.

Gyaran gaskiya sai an kwance kardan na gaba da na baya, wato dogayen sandunan da ke kai ƙarfi ga ƙafafu, an tsiyaye mai, an sauke taransifa ƙasa, sannan hannu ya kai ga juwan ɗin. Robar ba ta da tsada, wahalar aikin ce ke cin kuɗi, kuma da zarar an ɗaure komai babu mai iya ganin abin da aka yi a ciki. Da wannan macutan suke fakewa. Za su ce ka bar motar ta kwana, su karɓi kuɗin aiki da na juwan na asali, alhali ba su sauke komai ba: sun wanke mahaɗar da fetur, sun shafe ta da silikon ta waje, sun ɗura mai kauri irin 140 a inda ake zuba 75W-90, don yoyon ya lafa na ƴan kwanaki. Kai kuma ka kama hanyar daji da kaya da mutane, kana zaton ka rabu da matsala.

Wasu kuma sun fi haka rashin imani. Suna buɗe murfi su nuna maka baƙin mai su ce taransifar ta mutu, sai an kawo wata daga Kwatano ko Kano, su nemi kafin alƙalami, daga baya su ɗaura maka wata tsohuwa da aka wanke aka fesa wa fenti, taka mai lafiya kuma su sayar wa wani.

Saboda haka, Alhaji, ko kai ko direbanka, wani ya tsaya har ya ga taransifa a ƙasa da idonsa, ya ga sabon juwan kafin a saka shi, kuma a ba ka tsohon a hannu. A duba sandar ƙarfen, domin idan robar ta ci mata zobe ko boris ya yi wasa, sabon juwan ma ba zai daɗe ba. A duba ƴar kafar shan iska da ke saman akwatin, wadda ƙurar hunturu ke toshewa har iska ta matse mai ta tura shi waje. Idan an ce sai an canza taransifa gaba ɗaya, ka yi wa taka alama, ka nemi shawarar wani makanike, kuma kada ka bar ta a garejin. Bayan gyara da mako ɗaya ko biyu, idan mota ce mai giyar hannu, a tsayar da motar a wuri mai lebur a buɗe ramin ɗura mai na akwatunan biyu. Man ya kamata ya tsaya daidai bakin rami a kowanne, idan kuwa ɗaya ya kwararo ɗayan ya yi ƙasa, to ba a taɓa juwan ɗin ba, ko an saka jabu, ko ba a duba sandar da boris ba, sai ka koma da motar tun silikon ɗin yana jikinta.