Daga Jizan zuwa Tabuk a jirgi: ta Jidda ya fi ta Riyad

Ga 'yan uwanmu da ke aiki a Jizan ta ƙasar Saudiyya, waɗanda aiki ko zumunci ke kai su Tabuk, jirgin cikin gida ya cancanci kuɗinsa. Amma ba kowane tikiti ba.

Tsakanin filin jirgin Sarki Abdullah da ke Jizan da na Yarima Sultan da ke Tabuk, tazarar kai tsaye ta sama kusan kilomita 1,400 ce, wato tafiyar kamar awa 2 da a ce jirgi zai miƙe bai tsaya ba. Sai dai ƙananan filaye ne, kuma yawancin tikitin da za ka samu na canjin jirgi ne, ko a Jidda ko a Riyad. A nan ne mutane ke tafka asara.

Jidda tana kan hanya. Daga Jizan zuwa can kimanin kilomita 640 ne, daga can zuwa Tabuk kusan 790, jimilla wajen 1,430, ka ga kusan babu ƙari. Riyad kuwa ratse ne zuwa gabas: kusan kilomita 990 kafin ka isa, sannan wajen 1,070 ka dawo yamma. Ƙarin ya haura kilomita 600. Ta Jidda zaman cikin jirgi bai cika kai awa 3 ba, ta Riyad yana kusantar 4, ban da jira.

Lokacin da aka rubuta a tikiti ya haɗa da gangarawar jirgi a kan titin fili da jiran izinin tashi, shi ya sa ya kan fi ainihin zaman sama tsawo.

Kamfanonin Saudia da flynas da flyadeal ne ke ɗaukar wannan zirga-zirga, galibi da jirage ƙirar A320. Kujeru ba laifi ga gajeriyar tafiya. Inda nake da ƙorafi shi ne tikitin araha: sau da yawa jakar hannu ta kilo 7 kaɗai ya ƙunsa, kuma kuɗin akwati a kantar filin jirgi ya fi wanda ake biya ta intanet tun farko. Duba wannan kafin ka biya.

Babbar matsalar ita ce yanken tikiti biyu daban-daban don neman sauƙi. Idan na farko ya yi latti, kamfani na biyu ba ruwansa, kujerarka ta tafi. Kayanka ma ba za su wuce da kansu ba, sai ka karɓe su ka sake aunawa. Tikiti ɗaya na kamfani ɗaya ya fi kwanciyar hankali, domin su ne za su sa ka a jirgi na gaba. Bar aƙalla awa 2 tsakanin jiragen, musamman a watannin zafi da ƙura ke turnuke Jizan, da kuma lokacin cunkoson Umara a azumi.

Riƙe iƙamarka (katin izinin zama a Saudiyya) a hannu, kuma sunan da ke tikiti ya dace da nata harafi da harafi. In da hunturu ne, sa rigar sanyi a jakar hannu. Jizan bakin teku ce mai gumi, Tabuk kuwa tudu ce da sanyinta ke shiga ƙashi da dare.