Daga Jidda: na koma kan wasannin Star Trek da muka bari a Kano

Ƙanena, ina gaisuwa. Ka gaishe min da Hajiya da su Yaya da yara. Ka tambaye ni da me nake rage dare in na tashi daga shago. To ga amsa, kuma na san sai ka yi dariya.

Wata Juma'a bayan la'asar na raka wani abokin aikina Haraj Sawarik, kasuwar gwanjo da ke kudancin Jidda, zai sayi fanka. Mutanen nan in abu ya tsufa ba sa wahalar gyara shi, fitar da shi suke yi, shi ya sa kasuwar ba ta rabo da kaya. Ina cikin tonon wani kwali na tsofaffin faya-fayai sai ga faifan wasan kwamfutar nan na shirin sararin samaniya, Star Trek: Voyager – Elite Force, na asali, har da ɗan littafinsa. Riyal 5 na miƙa wa mai kayan, ya karɓa ko kallon faifan bai yi ba.

Ka tuna shi ai. Raven Software ne suka yi shi a 2000, mu kuwa sai bayan shekaru ya iso mu, a kwafin da aka rubuta sunansa da maka. Kai ne Munro cikin rundunar da Tuvok, shugaban tsaron jirgin Voyager, ya kafa, kana harbin Borg, maƙiyan nan rabi mutum rabi inji, sau biyu sau uku su gane makaminka ya daina cin su.

Da na zo gida sai na tuna kwamfutata ba ta da wurin sa faifai. Na kai wani shagon gyara, kuɗin da aka yanka min don a ɗora wasan kawai ya ninka na faifan sau ashirin. A nan kaya na da araha, aikin hannu ne da tsada. Da a Titin Beirut na Kano ne, wani yaro zai yi maka shi yana tsaye, ka ba shi na kati, har ya ƙara maka da wani wasan kyauta. A wannan fannin gida ya fi nan nesa ba kusa ba.

Ashe ma wahalar banza na yi. Tun 2021 shagon intanet na GOG ya sake fito da shi, an gyara shi yadda zai tashi a Windows na yanzu. Dala 10 ne ba kaɗan, kuma da yake riyal 3.75 ne dala ɗaya ba ya motsi, tun kafin ka danna ka san abin da zai fita daga asusunka. Katin bankina na sa ya wuce nan take, ba neman mai katin dala, kuma kafin shayi ya tafasa ya gama sauka.

Amma wanda ya riƙe ni da gaske shi ne kakansu, Star Trek: 25th Anniversary na kamfanin Interplay, na 1992, wanda su William Shatner da Leonard Nimoy, 'yan wasan da suka fito a matsayin Kyaftin Kirk da mataimakinsa Spock, suka sa muryarsu a fitowarsa ta faifan CD. Ka tuna yadda duk inda muka nufa da jirginmu Enterprise sai jiragen Klingon ko Romulan su tare mu su yi mana dukan kawo wuƙa? Muka ce wasan ne mugu. Ashe taswirar taurarin da ke fuskar kwamfuta ba ta da sunaye da gangan, sunayen suna cikin littafin da ake sayar da wasan da shi. Tarko ne aka ɗana wa masu kwafi, wato mu. Wannan karon littafin ya zo tare da wasan, na duba, na zaɓi tauraro, jirgi ya isa lafiya lau. Na zauna ni kaɗai ina dariya kamar zautacce.

A ganina wannan tsohon ya fi Elite Force jure zamani. Zanen ya yi dishi-dishi, yaƙin sararin samaniyar kuma ciwon kai ne, amma cacar bakin Spock da Dakta McCoy tana nan da daɗinta, kuma in ka sasanta rikici da baki sai ka fi samun maki a wurin Admiral fiye da in ka zaro bindiga.

Wuta kuwa, halala 18, wato kwabon riyal, ne yunit na gidan zama, kuma tunda na fara wasan ba ta ƙifta ba. Duk da haka yatsana bai daina zuwa maɓallin ajiya kowane minti biyar ba, sabo da gida.

Abin da babu shi ne taro. Samarin nan ƙwallo suke bugawa a PlayStation 5, hirarsu gasar wasannin bidiyo ta duniya da Riyad ta fara karɓa a 2024. Na nuna wa ɗan maƙwabcina Spock, ya ce wannan mai kunnen aljanin fa? Mu kuwa kai goma ne a kan kwamfuta ɗaya a zaure, ɗaya riƙe da ƙamus yana fassara, sauran kowa na ba Kyaftin Kirk umarni.

Faifan zan ba wani mai dawowa daga Umra ya kawo maka. Tsohuwar kwamfutar nan da ke ɗakin ajiyar Hajiya, kada ka bari 'yan gwangwan su ɗauke ta. Ka kakkaɓe ta ka jona, in ta tashi ka sanar da ni.