Rihlar Bur Sa'id: abin da ya fi daɗi a tafiyar ashe kyauta ne

Tun da na saka hotunan tafiyarmu Bur Sa'id, garin da ke bakin mashigin Suez a Masar, a status mutane ke ta damuna, wai nawa ne, wane kamfani ne, ya abincinsu. To bari in rubuta sau ɗaya kowa ya huta. Sunan kamfanin kam ba zan faɗa ba, irin ƙananan ofisoshin nan ne masu shirya wa ɗalibai rihla daga Alƙahira, in kana zaune a Hayyul Ashir ko Bu'us, inda ɗalibai suka fi zama, ka san irinsu. A tallar an rubuta mota mai AC, karin kumallo, ɗan jagora, yawo a jirgi cikin mashigin Suez inda za mu ga manyan jiragen duniya, abincin rana na kifi, sai dutsen gishiri. Kuɗin da kowa ya biya zai ishe ni cefanen sati biyu in na lallaɓa.

Ƙarfe shida aka ce za a tashi, bakwai da rabi muka ɗaga. Wannan ban riƙe su da shi ba don rabin laifin namu ne, akwai wanda aka buga wa waya sau huɗu yana cewa ga ni nan a ƙasa alhali ana jin ƙarar ruwan wanka. Hanya lafiya lau, wajen kilomita 200, awa uku mun isa, AC na aiki, direba ba ya gudun hauka. Karin kumallon burodi ne da cuku da lemon kwali, ba yabo ba fallasa. Ka dai riƙe fasfo da iƙamarka a aljihu.

Yanzu maganar jirgi, nan ne raina ya ɓaci. Ni fa a zatona wani jirgi aka ɗaukar mana haya, sai kawai na ga ɗan jagora ya kora mu cikin ma'addiya, wato fiton da ke tsallakar da mutanen gari daga Bur Sa'id zuwa Bur Fu'ad, ga 'yan makaranta ga ma'aikata ga motoci an loda ga wata tsohuwa da ledar kayan miya. Na tambayi wani dattijo kusa da ni nawa ake biya, ya kalle ni ya yi dariya ya ce bi balash, kyauta. Na juya wajen ɗan jagora na ce ya ustaz, wannan ne yawon jirgin da muka biya? Ya ce ai shi ma jirgi ne kuma cikin kanal yake. Wallahi na rasa abin cewa, don ƙarya dai bai yi ba.

Amma fa tsakani da Allah ma'addiyar nan ta yi. Minti goma bai cika ba ka bar Afirka ka shiga Asiya, iska mai ƙamshin gishiri na dukanka, fararen tsuntsayen teku na bin jirgin suna cafke burodi a sama tun kafin ya faɗo ruwa, wani yaro ya ɗaga hannu da guntun biskit tsuntsu ya zo ya fizge ya saki ihu uwarsa na dariya. Bayanka ga tsohon ginin hukumar kanal mai korayen ƙubbobi, gabanka ga hasumiyoyin babban masallacin Bur Fu'ad. Ni mutumin Kura ne, kanal ɗin da na sani shi ne wanda ke kawo mana ruwan Tiga muna noman shinkafa, wanda muna yara muke iyo a ciki, sai ga ni a kan wani mai tsawon kilomita 193 da 'yan Adam suka haƙa tsakanin teku biyu. Sau uku na je na dawo, tunda ba mai tambayarka ko gine ɗaya, wato fam na Masar.

Manyan jiragen da aka yi mana alkawari kuwa ko ɗaya ba mu gani ba, sai na ja da ƙananan na kamun kifi da wasu 'yan matsakaita a tsaye. Dattijon nan ne ma ya warware min, ya ce ƙattan jiragen kwantena ba sa bi ta gaban gari, akwai reshen da aka haƙa musu ta gabas, Tafri'a, ta can suke wucewa kuma a ayari suke tafiya da lokacinsu. Ya ce in jirgi kake son gani ka je Isma'iliyya, garin da ke tsakiyar kanal ɗin. Kamfanin sun san haka sarai, amma hoton wani ƙaton jirgi irin Ever Given suka liƙa a tallarsu, wanda ya gitta ya toshe hanyar kwana shida a watan Maris 2021. Ga shi tun da 'yan Houthi suka fara kai wa jirage hari a Bahar Maliya ƙarshen 2023 kamfanoni da yawa suka koma zagaye Afirka ta ƙasa, kuɗin shigar da ya kai dala biliyan 9.4 a shekarar kuɗi ta 2022/2023 ya dawo wajen biliyan 4 a 2024. Ko mai shayin bakin ma'addiya ka taɓo masa maganar sai ya girgiza kai.

Inda ɗan jagoran ya ci kuɗinsa shi ne wajen wani dandamalin dutse a bakin teku, tulele babu komai a kansa. Nan gunkin Ferdinand de Lesseps yake a da, Bafaranshen da ya jagoranci aikin haƙa kanal ɗin daga 1859 har aka buɗe ranar 17 ga Nuwamba 1869. Ya ba mu labarin yadda aka riƙa kwaso talakawan ƙauye aikin tilas da fatanya da kwando, yadda bashi ya ci Khidiwi Isma'il mai mulkin Masar a lokacin har ya sayar wa Ingila hannun jarin Masar a kamfanin kanal kan fam miliyan 4 a 1875, da yadda shugaban Masar Gamal Abdul Nasser ya tsaya a Iskandariyya ranar 26 ga Yuli 1956 yana ta nanata sunan de Lesseps cikin jawabi, ashe alama ce ga mutanensa su shiga ofisoshin kamfanin kanal su karɓe. Ingila da Faransa da Isra'ila suka kawo yaƙi, aka yi wa garin ruwan bama-bamai, Ingila da Faransa suna janyewa a Disamba 'yan gari suka tarwatsa gunkin daga kan dandamalin. Muryar ɗan jagoran har rawa take don ɗan garin ne. Ya kuma kawo zancen rufewar kanal ɗin daga 1967 zuwa 1975, da jirage 15 suka maƙale a ciki shekara takwas har rairayi ya mai da su rawaya. Wannan rabin awar na yafe masa rabin fushina.

Abinci: shinkafar sayyadiyya mai ruwan ƙasa, ƙamshin soyayyar albasa ya kama ta sosai, da gasasshen kifin da suke kira buri, da salak da ɗahina, wato niƙaƙƙen riɗi. Kifin sabo ne amma ɗaya aka raba wa mutum biyu, jatan landen da ke hoton kuma sai ka ƙara kuɗi. Yaji babu, Allah ya sa na taho da nawa a leda, har tebur na gaba suka miƙo hannu. Mai gidan abincin ya nuna mana hoton wani kifi mai kumbura a wayarsa, arrad suke ce masa, ya ce ko kyauta aka ba ku kar ku ci, guba ne kuma an hana sayar da shi. Ta kanal ɗin ya shigo daga Bahar Maliya, shi da wasu halittu barkatai, tunda babu ƙofa ko ɗaya a hanyar, kuma gishirin tafkunan tsakiya da ke tare su a da ya tsarke.

Dutsen gishirin tarin gishiri ne fari fat, ka hau ka yi hoto kamar kana ƙasar ƙanƙara, minti ashirin ya isa, takalmina har yau bai dawo daidai ba.

Tauraro biyu da rabi cikin biyar na ba su, ɗaya na direba, ɗaya na labarin dandamali, rabin na shinkafa. In zan koma motar haya zan shiga da kaina, in hau ma'addiya har in gaji, in je kasuwar kifi in zaɓi nawa a gasa min. Hutun gaba Isma'iliyya muka yi niyya in Allah ya kai mu, mutum biyar muke zuwa yanzu, saura biyu mota ta cika.