Hattara da masu ce maka "birenbos ya ƙone" alhali inji ko juyawa bai yi ba

Masu tsofaffin motoci nake yi wa wannan gargaɗi, domin abin da ya same ni ba na so ya sami wani. Akwai wasu mutane da ke yawo da wata 'yar na'ura a hannu, suna tallar cewa suna duba kowace irin mota da kwamfuta, su gano ciwonta cikin minti biyar. A cikinsu akwai masu gaskiya, amma wanda na haɗu da shi ɗan damfara ne, kuma daga baya na ji ya yi wa wasu irin abin da ya yi mini.

Motata ƙirar 1992 ce. Ta fara yi mini gardama da safe: in murɗa makulli sai in ji "ƙas" sau ɗaya, fitilun dashbod su dushe, shi ke nan. Wata rana ta tashi a murɗawa ta uku, wata rana sai an tura. Da abin ya ishe ni na kira mutumin. Ya zo da yaronsa, ya buɗe bonet, ya maƙala na'urarsa a kan batir, ya ƙura wa allonta ido yana girgiza kai. Ya ce, "Yallaɓai, sai haƙuri. Birenbos ɗinka ne ya ƙone, shi ya sa ba ya ba kik umarni." Birenbos shi ne akwatin kwamfutar mota, kik kuma shi ke juya inji ya tashi. Ya ce yana da wani birenbos mai kyau, zai tafi da nawa ya kawo wancan. Na yarda, na biya kuɗi masu nauyi. Da yamma ya dawo ya ɗaura, yaron yana ta taɓe-taɓe a wajen batir, na murɗa makulli mota ta tashi tangaram. Har godiya na yi masa.

Bayan mako biyu "ƙas" ɗin ya dawo, wayar mutumin kuma a kashe. Na kai motar wurin wani dattijo mai gyaran wayar mota. Bai tambaye ni komai ba sai da ya sa na murɗa makulli yana saurare. Sannan ya bi wayar as, wadda ta tashi daga baƙin kan batir zuwa jikin inji, ya kwance notinta ya nuna mini. Ƙarƙashinta duk tsatsa ne da wani koren gari, zaren wayar kuma rabi ya cinye. Ya yanke, ya sa sabon kai, ya goge wurin da sanfefa ya ɗaure. Motar ba ta sake ƙin tashi ba. Da na ba shi labarin birenbos, sai ya leƙa ƙarƙashin dashbod ya haska tocila. Akwai wani karce a gefen akwatin da na sani tun da daɗewa, ga shi nan a wurinsa. Nawa ne aka wanke, aka manna masa sabuwar takarda, aka sayar mini. Abin da yaron ya yi kawai shi ne ya motsa wayar ya ƙara mata ɗauri.

Da na san abin da dattijon ya gaya mini ranar, da ƙaryar ba ta shige ni ba. A irin waɗannan tsofaffin motoci, waɗanda ba su da makulli mai cif, wuta tana tashi ne daga makulli zuwa solonoyid, shi kuma ya haɗa kik da batir. Birenbos ba ya kan wannan hanya. Aikinsa kula da mai da tartsatsin filogi ne, kuma sai inji ya fara juyawa ake maganarsa. Idan motarka mai kafireta ce da kwantak a cikin distiributa, to ba ta ma da birenbos ɗin da zai ƙone. Haka kuma soket ɗin nan mai baki 16 da ake jona na'urar dubawa, wato OBD-II, sai daga 1996 aka wajabta shi a Amurka, a Turai kuma daga 2001 ga motocin fetur. Tawa ba ta da shi. Abin da mutumin ya maƙala a batir ba zai iya karanta komai daga birenbos ba, ƙarfin wuta kawai yake nunawa.

Saboda haka kafin kowa ya taɓa motarka, ka fara sauraron ta. In inji ba ya juyawa, maganar tana tsakanin batir, kawunansa, wayar as, makulli, solonoyid da kik. Ƙas-ƙas-ƙas da sauri yawanci batir ne ya yi sanyi ko kawunansa sun yi datti. Da mitar auna wuta mai arha za ka raba gardama: lafiyayyen batir da ya cika yana nuna kusan volt 12.6 a kashe, kuma bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba lokacin da ake kik. In mota ta tashi ka ga bai kai 13.5 zuwa 14.5 ba, yawanci altaneta ce ba ta caji. Mai otomatik kuma ya gwada tayarwa a N, don wani lokaci makunnin giya ne ke hana wuta wucewa a P.

In kuwa inji na juyawa sosai amma ya ƙi kamawa, sai a nemi tartsatsi da mai. A cire filogi ɗaya, a mayar masa da wayarsa, a jingina shi da ƙarfen inji, a yi kik a ga ko yana ba da shuɗiyar wuta. Babu? A duba kwayil, murfin distiributa da rota, da fis. Akwai? A murɗa makulli a kasa kunne ko famfon mai zai yi guɗa na daƙiƙa biyu, in mai allura ce. Birenbos yana iya lalacewa, ban ce ba ya yi ba, amma shi ne na ƙarshe a layi, bayan an tabbatar duk waɗannan lafiyarsu ƙalau.

Alamun mutumin da na gani na yi biris da su su ne waɗannan: ya yanke hukunci ba tare da ya sa na murɗa makulli ba, ya matsa mini in biya a ranar, kuma ya ƙi yarda a gwada sabon a gabana nawa yana ajiye. Duk wanda zai cire maka wani abu, ka ɗauki hoton lambar da ke jikinsa, ka yi masa alama da ƙusa a inda ba a lura, kuma ka ce tsohon naka ne, a bar maka shi a hannu. Mutumin yana nan yana talla da sabuwar lambar waya, kuma har yanzu hoton wannan na'urar ce a tallar tasa.